Yadda Za Ka Tallata Littafinka da Kanka Har Ya Kai Hannun Mai Karatu

Littafina na farko kwafi dubu na buga. Ranar da aka kawo shi daga maɗaba'a a cikin a-daidaita-sahu, kwali bakwai, na tsaya a soro ina shinshinar ƙamshin sabuwar takarda kamar wanda aka yi wa haihuwa. Bayan shekara biyu, kwali huɗu suna nan a ƙarƙashin gado, gara har ta fara ɗanɗana na ƙasan. Duk ranar da maiɗakina za ta yi shara sai ta leƙa ta ce, "Malam, waɗannan 'yan matan naka yaushe za a yi musu aure?"

Littafin ba shi da laifi. Laifin nawa ne, domin na ɗauka in na ajiye alƙalami aiki ya ƙare, saura masu saye su yi layi a ƙofar gida. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancinmu marubutan Hausa ba mu da kamfanin ɗab'i da zai ɗauke mana wannan nauyi. Tun zamanin adabin kasuwar Kano, marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar kaya zuwa Bata, matattarar dilolin littattafai a Kano, shi ne kuma mai bin bashi. Yanzu kasuwar ta koma cikin waya, amma nauyin yana wuyan da yake tun farko. In na ce "ka" a wannan rubutu, har da ke 'yar'uwa, don ku ne ma kuka fi yawa a harkar.

Abin da zan fi nanatawa shi ne wannan: masu karatu ake fara tarawa, sannan a buga littafi. Ni na yi akasin haka.

Fara da sanin wa kake rubuta wa

Kada ka ce "kowa da kowa". Littafin da aka rubuta don kowa, babu wanda yake jin nasa ne. Zauna ka zana mutum ɗaya a ranka. Matar aure ce da take karatu a waya bayan ta kwantar da yara? Ɗalibin sashen Hausa ne a jami'a ko kwalejin ilimi da yake neman littafin da zai yi nazari a kai? Malamin Islamiyya ne? Matashi ne mai son labarin yaƙi da aljanu? Kowannensu da wurin da ake samunsa, da lokacin da yake da kuɗi, da irin maganar da take shiga kunnensa. Matar auren tana zauren WhatsApp, ɗalibin yana hannun malaminsa, malamin Islamiyyar kuma yana shagon littattafai na bakin masallaci ko Kasuwar Kurmi.

Daga nan ka matse littafin cikin jimla biyu waɗanda za ka iya faɗa wa wanda kuka haɗu a motar haya. "Labari ne mai faɗakarwa da ilimantarwa da nishaɗantarwa" ba bayani ba ne, kowa haka yake cewa. Gwada irin wannan: "Wata malamar asibiti ce ta gane cewa majinyacin da aka kawo mata cikin dare shi ne mutumin da ya cinye gadon mahaifinta." Wanda ya ji haka zai ce, "Sai me ya faru?" Wannan tambayar kake nema. Jimlolin nan su za ka sa a bayan bango, su za ka sa a sitatus, su za ka maimaita a rediyo har ka gaji da jin su.

Tara jama'arka tun kana rubutu

Wata uku zuwa shida kafin littafi ya fito ya kamata ka fara. Zaɓi dandali ɗaya ko biyu da za ka iya riƙewa, kada ka warwatsu. Ga mai ƙagaggen labari, Facebook da WhatsApp sun fi kawo ciniki, Wattpad kuma, dandalin ɗora labarai a karanta a waya, yana kawo sababbin idanu. TikTok na aiki ga wanda ba ya jin nauyin kyamara kuma ya iya karatu da murya mai daɗi.

Me za ka riƙa sawa? Ba "ku saurari fitowar sabon littafina" kullum ba. Sa ɗan tsakure na shafi ɗaya, ka yanke shi daidai inda rai yake son ci gaba. Kawo matsalar da ke cikin labarin ka jefa ta a matsayin tambaya: uwar miji ta ce sai an sa wa jariri sunan da ta ga dama, uwar ɗa ta ce ba ta yarda ba, wa ke da gaskiya? Za ka ga sharhi ɗari kafin la'asar, kuma duk wanda ya yi gardama a kan jarumarka ya riga ya zama rabin mai saye. Nuna musu bango iri biyu su zaɓa. Ba da labarin yadda ka je gidan wata tsohuwar ungozoma don ka ji yadda ake wankan jego a da. Mutane suna son su ji cewa da su aka yi.

Amsa sharhi da kanka, ko da kalma uku ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mai karatun da marubuciya ta kira sunanta ta ce "na gode Maman Khalil" ba ta mantawa.

Sai babban aikin: mallaki lambobin masu karatunka. Duk wanda ya nuna sha'awa, nemi izininsa ka ajiye lambarsa, ka rubuta garinsu, ka kuma ajiye kwafin jerin a wani wuri da ba cikin wayar ba. Dalili kuwa, dandalin da kake kai ba gidanka ba ne, haya kake yi. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Shafin Facebook ana iya kulle shi ko a sace shi cikin dare ɗaya. Wanda yake da jerin sunaye a hannunsa sai ya kwashi jama'arsa ya koma wani wuri, wanda ba shi da shi kuwa sai ya fara daga tushe. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, jerin aika saƙon bai-ɗaya kuma 256, shi ma saƙon ba zai isa ba sai ga wanda ya ajiye lambarka. Don haka ka riƙa roƙon su ajiye.

Gyara kayan kafin ka kai su kasuwa

Ba zan daɗe a nan ba, amma talla ba ta gyara littafi mai kura-kurai. Ba wa wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba maka, ka biya shi. Ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, a raba kalmomi inda ya dace. Malaman jami'a da alƙalan gasa daga shafin farko suke gane wanda ya yi sakaci, kuma ba za su sa littafinka a manhaja ba.

Bango kuwa, duba shi a waya, a ƙanƙance, yadda zai fito a sitatus. In sunan littafin bai karantu ba a haka, a sake. Kada ka ɗauki hoton wata jaruma ko wata baiwar Allah daga intanet ka manna, rigima ce kake saya da kuɗinka. Nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka kuma kai musu kwafi uku da doka ta ɗora wa mai buga littafi. Shagunan zamani da ɗakunan karatu suna neman lambar. In a Kano za ka buga ka sayar, leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ka ji ƙa'idar da take aiki a lokacin, don harkar marubuta ma tana ƙarƙashin kulawarta.

Lissafi, kafin ka sa farashi

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don muna jin kunyar kuɗi kamar ba mu muka biya maɗaba'a ba. Ga misali, alƙaluman na ƙirƙira ne don a gane hanyar, kai ka sa naka. A ce ka buga kwafi 500 a kan naira 600 kowanne, dubu 300 ke nan. Bango da gyara da tsara shafuka sun ci dubu 60. Jimla dubu 360. Cire kwafi 50 na kyauta, domin dole za su tafi: malamai, 'yan jarida, ɗakin karatu, surukai. Saura 450, wato kowane kwafi ya tsaya maka a naira 800.

Ka sa farashi 1,500. In ka ba dila ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, 1,000 za ta zo hannunka, ribarka 200. In kai ka sayar kai tsaye, ribarka 700. Ta hannun dila sai ka sayar da kwafi 360 kafin uwar kuɗi ta dawo, ta hannunka kuwa 240 sun isa. Ka ga amfanin jerin lambobin nan da na dame ka da shi.

Wannan ne ma ya sa nake ba da shawarar karɓar oda tun kafin bugu. Sanar da ranar fitowa, ka yi wa waɗanda suka biya da wuri ɗan ragi ko ka yi musu alƙawarin sa hannu da sunansu. In mutum 120 suka biya, ka san 300 za ka buga, ba dubu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: kada ka karɓi kuɗin mutane sai littafin ya kammala a kwamfuta kuma kun yi magana da maɗaba'a. Ƙara sati biyu a kan ranar da mai maɗaba'a ya faɗa maka, don wuta da takarda ba a hannunsa suke ba.

Idan a waya za ka sayar

Tsarin da marubutan intanet suka saba ya riga ya kafu: a saki shafukan farko kyauta, a tsaya, a ce littafin kuɗi ne, mai so ya biya ya turo shaidar biya a sa shi a guruf. Tsarin yana aiki, gyara kawai yake so.

Shafukan kyauta su kai inda mai karatu ya riga ya ƙulla zumunci da jaruman, amma kada su kai inda ya hango ƙarshe. Na ga waɗanda suke yankewa a shafi na uku, mutum bai ma riƙe sunan jaruma ba, sai ya wuce abinsa. Na kuma ga masu sakin rabin littafi, sannan su yi mamakin rashin ciniki. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ya wadatar, a tsaya a kan gaɓar da wani abu ya karye.

Hanyar biya ta zama mai sauƙi: lambar asusu ɗaya, suna ɗaya, farashi ɗaya, duk a saƙo ɗaya da za a iya turawa. Ware asusun littafi daban da na cefane. Duba shigar kuɗin a asusunka kafin ka sa mutum a guruf, saboda shaidar biya ta bogi ta yi yawa. Kada ka manta da masu karatu na Nijar, suna da yawa kuma suna biya. Nemi amintacce a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai wanda za a riƙa tura masa ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana, ka sa farashin da sefa, ku riƙa lissafi duk ƙarshen wata. In kana son ka huta da tura fayil da hannu, akwai manhajoji irin su ArewaBooks da Selar, sai ka karanta kason da suke cira da yadda ake fitar da kuɗi kafin ka ɗora.

Sannan ka cika alƙawari. In ka ce kullum da ƙarfe takwas na dare za a ga sabon shafi, to a gan shi. Babu abin da yake kashe marubuciyar intanet kamar ta karɓi kuɗi ta ɓace sati uku. Shi ya sa ya fi kyau a gama rubutun kafin a buɗe guruf na kuɗi.

Satar fasaha fa? Za a yi maka, ka sa wannan a ranka. Wata za ta biya naira ɗari biyar ta kwashe littafin ta watsa a zaure goma, har da cewa sadaka take yi. Tsinuwar da ake jerawa a saman kowane shafi ban ga ta hana ba, sai dai ta ɓata wa masu gaskiya rai. Abin da ya fi: sa sunanka da lambarka a cikin rubutun, a wurare da dama, yadda ko an sace shi talla yake yi maka. Ga masu sayen PDF, sa sunan mai saye a jikin kwafinsa. In wani shafi ko tasha ta ɗora aikinka ba izini, fara da saƙo na mutunci, in an ƙi sai ka kai rahoto ga dandalin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi abin da aka ɗora a intanet, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar koke.

Masu karanta littattafai a YouTube kuwa, suna iya zama alheri, don akwai dubban mutane da ba sa karatun boko amma suna sauraro suna aiki. Sai dai a rubuta yarjejeniya: babi nawa za a karanta, nawa za a biya, yaushe za a fara, kuma a riƙa ambaton sunanka da inda ake samun littafin a farkon kowane kashi. Kada ka yarda a karance shi duka alhali kana tsakiyar sayarwa.

Bikin ƙaddamarwa

Zan faɗi ra'ayina ko da wasu za su ji haushi. Na kama zaure, na buga kati, na yi abinci, na gayyaci wani babban mutum a matsayin babban mai ƙaddamarwa. Bai zo ba, ya aiko wakili. Wakilin ya karɓi makirfo ya ce maigida ya sayi kwafi goma a kan kuɗin da ya sa zauren ya ɗauki kabbara. Na yi wata biyar ina zarya a ofishinsu, har masu gadi suka fara ce mini "Malam mai littafi, yau ma bai shigo ba." Ko kwabo ban gani ba, kuɗin zauren kuwa daga aljihuna ya fita.

Ba na cewa kada a yi. In za ka yi, ɗauke shi a matsayin talla, ba hanyar mayar da jari ba. Nemi wurin da ba sai ka biya da yawa ba, kamar ɗakin taron makaranta ko ɗakin karatu. Samu mai sharhi da ya karanta littafin da gaske. Ajiye tebur a bakin ƙofa, da yaro mai na'urar POS da lambar asusu a rubuce da manyan baƙaƙe, a sayar a farashin kasuwa ga talakan da ya zo da dubu biyunsa. Kuɗin da aka lissafa shi ne wanda ya shigo a ranar. Sa wani ya ɗauki hotuna da gajerun bidiyo, don su za ka ci moriyarsu wata guda.

Lokaci ma abin dubawa ne. Littafin soyayya ba a sake shi cikin azumi, hankalin mutane ba ya nan, marubuta da yawa ma hutu suke tafiya. Bayan salla da ɗan kwanaki, ko ƙarshen wata da albashi ya shigo, ya fi. Littafin makaranta kuwa kafin a koma sabuwar shekarar karatu ake kai shi ga masu makarantu, in ka bari sun fitar da jerin littattafai ka makara sai baɗi. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, rana ce da kafafen yaɗa labarai suke neman abin da za su sa game da harshen, ka shirya mata.

Fita da ƙafarka

Rediyo har yanzu sarki ne a ƙasar Hausa. Gidajen rediyo da dama suna da filin adabi ko na baƙon mako, kuma masu gabatarwa kullum neman baƙo suke. Kai wa mai shirin kwafi da hannunka, haɗe da takarda ɗaya mai ɗauke da jimlolin nan biyu, da taƙaitaccen tarihinka, da lambarka. In an ba ka fili, kada ka cinye shi da gaishe-gaishe. Karanta shafi ɗaya mai daɗi, ka faɗi inda ake samu sau biyu, a hankali. Jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa su ma a aika musu.

Shiga cikin 'yan'uwa marubuta. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, ga kuma ƙungiyoyin marubutan Hausa birjik a intanet. Ku yi musayar talla: ka sa tsakuren littafinta a zaurenka, ta sa naka a nata. Je tarukan adabi da jakar littattafai a kafaɗa, irin bikin baje kolin littattafan Hausa na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021. Ga mata kuma akwai gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016. Ko ba ki zo ta ɗaya ba, in labarinki ya shiga cikin waɗanda aka karanta a rediyo, sunanki ya je inda kuɗin tallarki ba zai kai shi ba.

Kai wa malaman sashen Hausa kwafi, amma zaɓi wanda fanninsa ya dace, mai koyar da zube ga mai labari, mai koyar da waƙa ga mai diwani. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki littafinka don kundin digiri, ajinsu duka sun ji sunanka.

Masu shago kuwa, yawanci ajiye kaya za ka yi sai an sayar a biya ka. Kada ka zube kwafi ɗari a shago ɗaya. Ba da goma ko ashirin, a rubuta a littafinka da nasa, da kwanan wata da farashi da ranar da za ka dawo, ya sa hannu. In sun ƙare ya biya, ka ƙara masa. Wanda ya yi maka "dawo gobe" sau uku, kwashe ragowar kayanka cikin girma da arziki. Masu oda daga wasu garuruwa kuma, tara saƙonninsu ka kai tasha rana ɗaya a mako. Naɗe kowanne a leda saboda ruwa, rubuta suna da lamba a jiki, karɓi lambar direba da ta mota ka tura wa mai kaya, kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai biya kuɗin mota.

Bayan an saya

Bayan sati biyu, tuntuɓi waɗanda suka saya ka ji yadda suka ga littafin. Wanda ya yaba, nemi izininsa ka sa maganarsa a shafinka, don yabon mai karatu ya fi naka tasiri sau goma. Wanda ya kushe, ka yi godiya ka yi shiru. Cacar baki da mai sharhi a bainar jama'a ba ta taɓa sayar da kwafi ko ɗaya ba. Riƙe ɗan littafin lissafi, ka riƙa tambayar kowane mai saye a ina ya ji labari. Bayan wata uku za ka ga hanyar da take kawo kuɗi da wadda take cin data kawai. A shafin ƙarshe na littafin kuma, sa lambarka da babin farko na littafi mai zuwa.

Kwalayen nan huɗu na ƙarƙashin gado, daga baya na sassaƙa hatimi mai lambar wayata na buga a cikin bangon kowane kwafi. Na riƙa ɗaukar biyar-biyar ina kai wa makarantun sakandare na unguwanninmu kyauta, ina roƙon a ba ni minti ashirin in karanta wa ɗalibai. A makaranta ta shida wata malamar Hausa ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce a kawo mata arba'in, 'yan ajinta za su saya. Da haka kwali uku suka tafi cikin shekara guda. Na huɗun shi ne maiɗakina ta ɗora wa kan keken ɗinkinta, ta ce tsayinsa ya yi mata daidai, kada in kuskura in taɓa shi.